Da Ɗan Gari Akan Ci Gari

 

'Ya'yana na Aujara da kewaye, a ƙaramar sallar da ta wuce, washegarin idi, na zauna gindin darbejiya a bakin hanya ina kallonku kuna wucewa. Wasu a kan babura uku-uku, wasu a cikin A Daidaita Sahu, kowa ya sha sabon ɗinki, kowa da wayarsa a hannu. Wani yaro da na koyar da mahaifinsa a firamare ya tsaya ya gaishe ni. Na ce, "Ina aka nufa?" Ya ce, "Baba, bakin ruwa za mu je yawon buɗe ido." Na ce, "Madalla. Wa kuka sani a can?" Ya yi shiru. Na ce, "To, a cikinku wa ya iya iyo?" Suka dubi juna. Na yi musu addu'a suka tafi, amma hankalina bai kwanta ba sai da na ji ƙarar baburansu sun dawo ana kiran magariba.

Tun daga ranar nake son in yi muku wannan magana. Kada ku ɗauka hana ku fita zan yi. Ni ma da ƙuruciyata na taka ƙasar nan da ƙafata, kuma rabin abin da na sani a can na samo shi. Tafiya mabuɗin ilimi ce, addininmu ma ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa muna lura da halittar Ubangiji. Abin da nake so kawai shi ne ku fita da ido a buɗe, ku dawo lafiya, kuma ku dawo da wani abu a ka wanda ya fi hotunan da ke cikin waya.

Ku fara sanin inda Allah Ya ajiye ku. Jihar nan da aka yanko daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, sunanta ma daga ƙasarta ya fito: jigawa, wato tudun rairayi. Tsakanin jigawa da jigawa kuma akwai fadama mai riƙe ruwa. Mu nan Aujara, a Ƙaramar Hukumar Jahun, muna tsakiyar abin ne. Arewa da mu kogin Haɗeja ne yake ratsawa ta ƙasashen Ringim, Taura, Miga da Auyo. Kudu da mu duwatsun Dutse ne, gaba kaɗan na Birnin Kudu. Can gabas maso arewa, bayan Haɗeja, ga dausayin Baturiya. Ruwa, dutse, rairayi da daji, duk a tafiyar da ba ta wuce yini guda ba. Na sha jin matashi yana ba da labarin gine-ginen Dubai kamar a can aka yanke masa cibiya, amma bai taɓa tsayawa a gaɓar kogin da ke ciyar da shi shinkafa ba. Wannan asara ce da ba a jin zafinta sai an girma.

Kafin ku biya kuɗin mota, ku soma da bayan gari. Ku fita da sassafe bayan sallar asuba, lokacin da raɓa ba ta bushe ba. Ku tsaya gindin gawo ku lura: da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi shar, shi kuwa sai ya zubar da ganyensa, da rani kuma ya yi kore. Shi ya sa manomi ba ya sare shi daga gona. Ba ya tare wa gero rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi. Ku dubi shamuwa, wadda zuwanta kan sanar da manoma cewa damina ta ƙarato. Ku koyi bambance kanya da ɗinya, magarya da kurna, giginya da goruba. Yaron da ya san sunayen itatuwan garinsu da amfaninsu, duk inda ya je a duniya idonsa zai riƙa ganin abin da na wasu ba ya gani.

Sai mu gangara bakin ruwa, inda zuciyarku ta fi karkata, kuma inda tsorona ya fi yawa. Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake tasowa, inda kogin Kano da na Challawa suka haɗu, ya biyo ta Wudil ya shigo mana. A wajen Gashuwa yake haɗuwa da kogin Jama'are su zama kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. A samansa akwai manyan madatsu biyu: Tiga, da aka kammala a 1974, da Challawa, a 1992. Ku riƙe wannan da kyau, domin a nan ne wani sirri yake. Ruwan da kuke gani a gabanku ba ruwan saman garinku kaɗai ba ne. Ana iya yin kwanaki ba a ga ko hadari a Jahun ba, amma an tafka ruwa a ƙasar Kano, madatsu sun cika sun tumbatsa, kogi ya taso cikin dare. Mashigin da ya tsaya maka a gwiwa jiya, yau yana iya shanye kanka. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, ya ga gonaki sun koma tafki, mutane sun koma kwana a makarantu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Saboda haka, ɗana, idan ka isa bakin ruwa, kafin ka cire takalmi ka nemi masu ruwan. Kowane gari na bakin kogi yana da masuntansa, yana da Sarkin Ruwansa. Ka yi musu sallama, ka durƙusa ka gaishe su, ka ce kai baƙo ne daga Aujara. Ka tambaye su ina ne gurbi, ina ne ruwa ke juyawa, ina ne ƙasa take da laka mai riƙe ƙafa. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma matambayi ba ya ɓata. Ban taɓa ganin masuncin da aka gaishe shi da ladabi ya ɓoye wa yaro hanya ba. Sau da yawa ma sai ya zaunar da kai ya nuna maka kamun ranar: ga tarwaɗa mai gashin baki, ga karfasa, ga kurungu mai ƙaya, ga gaiwa wadda kan shige cikin laka ta yi rani guda a raye har ruwa ya dawo. Zai nuna maka yadda ake jefa birgi ya buɗe kamar faifai, da yadda ake kifa ciki a kan gora a ratsa ruwa. Wannan darasi ne da babu shi a allon makaranta.

Bari in ba ku labarin abin da idona ya gani. Shekarun baya, ƙarshen damina, wasu ɗalibaina suka je wanka a wani rami da aka haƙa aka ɗebi ƙasar aikin titi, ruwa ya cika shi. Daga sama lumui yake, ko motsi ba ya yi. Irin wannan rami kuwa ba shi da gangare. Taku biyu kana kan tudu, na uku ka faɗa zurfin da ya fi gaba biyu. Ɗaya daga cikinsu ya zurma. Abokinsa, saboda ƙauna, ya faɗa ya cece shi, shi kuwa wanda ke nitsewa ya ƙanƙame masa wuya, suka yi ƙasa tare. Allah Ya kawo wani Bafulatani makiyayi, ya kwanta rub-da-ciki a gaɓa ya miƙa musu sandarsa, ya jawo su ɗaya bayan ɗaya. Da na iso, na tarar da su kwance suna aman ruwa, idanu jajur, takalmansu na jere a bakin ramin kamar yadda suka ajiye su. Har yau idan na tuna da takalman nan sai gabana ya faɗi, domin saura ƙiris da su kaɗai za a mayar wa iyaye.

Ku ɗauki darasin makiyayin nan. Idan wani yana nitsewa kuma ba ku ƙware ba, kada ku faɗa. Ku yi kururuwa, ku miƙa sanda ko gora ko rawani, ko ku jefa masa jarkar da ba komai a ciki, a rufe da murfinta, ya rungume. Ku koyi iyo a hannun wanda ya iya, a wurin da ba zurfi, ba a ranar sallah cikin cunkoso ba. Wanda ya iya ma kada ya yi alfahari, domin gwanin ruwa shi ruwa kan ci.

Haka batun kwale-kwale. Duk damina sai mun ji an yi jana'izar mutanen da jirgi ya kife da su a jihar nan, kuma idan ka bi diddigi dalilan ba sa canzawa: lodi ya wuce kima, ko an tashi da duhu, ko an shiga ruwa hadari na haɗuwa, ko wani ya miƙe tsaye a tsakiyar kogi. Yanzu an ƙara da na biyar, wato miƙewa don ɗaukar hoto. Idan ka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa, ka sauka ka jira sahu na gaba, ko da abokai za su ce ka cika tsoro. Sannu ba ta hana zuwa. Idan akwai rigar ruwa mai hana nitsewa, ka saka, kada ka ji kunya. Kwalliyar sallah ba ta taɓa ɗaga kowa sama a cikin ruwa ba.

Akwai kuma haɗarin da ba ya ihu. A ruwan da ke kwance, musamman inda ciyawa ta yi yawa, akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar takan fito cikin ruwa ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba, bayan makonni ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari. A zamaninmu akwai masu cewa wai alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne. Cuta ce, kuma idan ta daɗe takan lalata mafitsara. Maganinta yana nan a asibiti, har a makarantu akan raba shi. Wanda ya ga alama ya faɗa wa iyayensa ba tare da jin nauyi ba. Kuma kada ku yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko gaɓarsa, domin ta nan cutar ke komawa ta kama wani.

Na tsoratar da ku da yawa, to bari in kwaɗaitar da ku. Idan hunturu ya kama, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku haɗa kuɗi ku je Baturiya a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma. Yanki ne na dausayin Haɗeja da Nguru, kuma tun 2008 yana cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Ku isa da sanyin safiya, ku kashe kiɗan waya, ku zauna shiru. Za ku ga kirinjijiya garke-garke suna tashi da fito, zalɓe tsaye a ruwa kamar an dasa shi, balbela fari fat a bayan shanu. A cikinsu akwai baƙin da suka taso daga Turai, suka ƙetare teku da Sahara da fukafukansu, don su yi hunturu a ƙasarku. A 1989 mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya zo har Dagona ta jihar Yobe ta yanzu, a wannan dausayi, don ganin tsuntsayen nan. Abin da wani ya hau jirgin sama ya zo gani, ku kuɗin mota kawai zai ci muku. Ku bar danƙo da bindigar toka a gida; tsuntsun da ya yi irin wannan tafiya baƙo ne, baƙo kuwa ba a tarbarsa da harbi.

A can za ku ga kachala, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa. Ku tambayi manoma da masunta labarinta. Za su gaya muku yadda ta yaɗu bayan da ruwa ya daina janyewa da rani kamar da, yadda take karkatar da ruwa ya cinye gonar wani ya bar ta wani a bushe, da yadda jan-baki ke samun maɓoya a cikinta su fito su far wa shinkafa. Za su gaya muku yadda gari da gari ke yin gayya su shiga ruwa da lauje da adda suna yanka. Daga nan za ku gane cewa abin da kuka zo kallo, rayuwar wasu ce.

Wata rana kuma ku fuskanci kudu, ku je Dutse. Da yawanku kun san sakatariya, kun san jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, kun san Dandalin Malam Aminu Kano. To ku ƙarasa Garu, tsohon gari, inda fadar Sarki take a tsakanin duwatsu. Labarin baka ya ce wani maharbi, Duna Magu, shi ya fara gano wurin, ya tarar da gada da yawa, daga nan aka samu sunan Dutse Gadawur. Ku nemi dattijon unguwa ya ba ku labarin da bakinsa. Idan za ku hau dutse, ku hau da hantsi ko bayan la'asar, domin da tsakar rana yakan gasa tafin ƙafa. Kada ku hau bayan an yi ruwa, santsi gare shi, kuma kada ku zauna a ƙololuwa idan ana walƙiya. Kada ku cusa hannu a kogon da ba ku ga cikinsa ba. In kun kai sama, ku dubi itatuwan dabino da suka yi wa garin ƙawanya. Dutse tana da tashar binciken dabino ta gwamnatin tarayya. Ku shiga ku yi tambaya, ku ji yadda dabino yake da namiji da mace, da yadda ake yi masa barbara da hannu kafin ya yi 'ya'ya masu kyau. Wani cikinku zai iya dawowa da sana'ar da za ta riƙe shi har tsufa. In ranar Litinin ce, ku biya ta kasuwar Shuwarin ku ga inda amfanin gonar yankin nan yake haɗuwa.

Daga nan sai Birnin Kudu, wurin da na fi so in kai ɗalibai. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zane-zanen da mutanen dauri suka yi a jikin dutse, yawancinsu na shanu. Ku matsa kusa ku duba bayan shanun: babu tozo. Shanun da muke kiwo yau, bunaji da rahaji, duk masu tozo ne. Wato waɗanda suka yi zanen sun rayu da wani irin shanu daban, a wani zamani mai nisa. Akwai kuma duwatsun da idan ka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙarfe, har an ga gurabun da hannayen masu kiɗa suka sassaƙa saboda yawan bugu. Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya nazarce su a shekarun 1950, kuma yau suna cikin kayan tarihin da dokar ƙasa ta kare. Na taɓa ganin yarinya 'yar aji shida ta buga dutsen nan, da ta ji amonsa sai ta ja da baya ta riƙe baki, sannan ta ce, "Malam, ashe su ma suna kiɗa!" A wannan lokacin ta gane cewa mutanen da mutane ne irinta.

A nan zan roƙe ku wata alfarma. Kada ku rubuta sunanku a jikin dutse da gawayi ko fenti, kada ku shafa zanen da hannu, kada ku watsa masa ruwa don ya fito a hoto. Abin da ya jure rana da ruwan sama na ɗaruruwan shekaru, hannun yaro ɗaya yana iya shafe shi a yini guda, kuma babu mai iya mayar da shi. Haka ledar ruwa da robar lemo: abin da kuka zo da shi a cike, ku koma da shi a wofi. Akuyar da ta haɗiye leda ta wani talaka ce. Idan hanya ta ratsa ta gona, ku bi gefe, kada ku tsinki tumatir ko rake sai an ba ku. Kada ku ɗauki hoton matan da ke wanki ko wanka a rafi, kada ku ɗauki kowa ku watsa a TikTok ba da izninsa ba. Duk abin da kuka yi a garin mutane, ba sunanku za a kira ba, cewa za a yi, "Yaran Aujara ne."

'Yata, ke ma wannan ƙasa taki ce, kuma kina da haƙƙin ganinta. Ki nemi iznin iyaye, ki tafi cikin 'yan'uwa ko tare da malamanku na makaranta ko na Islamiyya, da babba a cikin tafiyar. Ku kuma samari, ku riƙa tafiya da ƙannenku mata irin waɗannan wurare, ku kula da su. Uwar da ta san sunan tsuntsu da tarihin dutse, 'ya'yanta a gida za su fara karatu. Dukanku, maza da mata, kada wanda ya fita bai faɗa a gida inda za shi da lokacin dawowarsa ba. Ku riƙe guzuri da ruwan sha, kada sallah ta wuce ku a hanya, kuma ku juyo tun rana na sama. Babur na mutum biyu ne. Gudu a hanyar rairayi ya karya ƙafafun da na sani da yawa.

Wayar da ke hannunku ma tana da aikin da ya fi wanda kuke ba ta. Dattawan da suka san sunan kowane tafki da kowace jigawa, waɗanda suka ga kogin nan kafin a gina Tiga, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ku zauna gabansu, ku nemi izni, ku naɗi muryarsu. Ku tambaye su ina ruwa yake kaiwa a da, wane kifi ne ya ɓace, wace bishiya ce ta ƙare. Ku rubuta a littafi. Nan da shekara talatin, wannan littafi zai fi duk hotunan kwalliyarku daraja, kuma idan baƙi suka zo neman wanda zai zagaya da su, ku za a nuna.

Yaron nan da ya gaishe ni a gindin darbejiya ya sake biyowa bayan sati biyu. Ya ce sun koma bakin ruwan, amma a wannan karon sun fara da gaida wani tsohon masunci, ya hana su shiga inda suka yi wanka a zuwan farko, ya ce gurbi ne mai zurfi, Allah ne kawai Ya kiyaye su. Ya ɗauke su a jirginsa biyu-biyu, ya nuna musu inda tsuntsaye ke kwana. Yaron ya ciro ƙullin busasshen kifi ya ce tsohon ne ya ce a kawo wa malamin da ya tambaye su wa suka sani a bakin ruwa. A daren nan da shi aka yi mana miya.

Allah Ya tsare ku a tudu da ruwa, Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku gaban iyayenku lafiya. Amin.